A Ceci Yaran Dutse Uku Daga Sholisho

Duk sa'ad da aka ta da maganar miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan, hankalin jama'a yakan koma ga hodar iblis da ake kamawa a filin jirgin sama na Ikeja, ko tabar wiwi da ake nomawa a dazuzzukan Ondo da Edo, ko kuwa katan-katan na taramol da ake tsarewa a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Waɗannan duka masifu ne, kuma ya dace a yaƙe su. Amma akwai wata guba wadda ba a shigo da ita a ɓoye, ba ta kuwa da tsada. Tana nan a rumfar mai facin taya, da akwatin mai gyaran takalmi, da shagon kafinta, da galan ɗin mai sayar da fetur a bakin titi. Wannan guba ita ce sholisho da danginsa, watau gam, da tina ta masu fenti, da fetur, da abin nan da matasa ke kira sukudaye. Yara ne suka fi shaƙarta, kuma 'ya'yan talakawa ne akasarinsu, shi ya sa ba a cika jin kukanta ba.

Wanda ke son ya fahimci yadda wannan ta'asa ke samun gindin zama, to ya dubi unguwa irin ta Dutse Uku da ke cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a Jihar Filato. Unguwa ce ta masu neman halaliyarsu, 'yan kasuwa da direbobi da leburori da ƙananan ma'aikata, Musulmi da Kirista. Amma ta ga tashin hankali irin wanda ba a fatan a sake gani. Rikicin da ya ɓarke a Jos ran 28 ga Nuwamba 2008, bayan zaɓen ƙaramar hukuma, ya cinye gidaje masu yawa a wannan yanki. Haka kuma ran 17 ga Janairu 2010, a Dutse Uku ne gardama ta tashi a kan sake gina wani gida da aka ƙone a 2008, kafin a ankara wuta ta watsu a cikin gari da kewaye, ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu. Daga nan mutane suka riƙa ƙaura, kowa ya koma inda masu addini irin nasa suka fi yawa, aka bar kangaye da kufai a tsakani.

Jaririn da aka goya aka gudu da shi a wancan lokaci yanzu ya zama saurayi. Ya tashi a garin da akwai unguwar da ba ya shiga, ya ga maƙwabcin da babu uba a gidansu, ya ga mahaifin da jarinsa ya ƙone. Babbar kasuwar Taminus, wadda dubban iyalai suka dogara gare ta, ta ƙone tun watan Fabrairu na 2002, aka kuma share shekara fiye da ashirin ba a sake gina ta ba. Kuzar da ta kafa garin Jos kuwa ta daɗe da daina ɗaukar ma'aikata kamar da. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda makaranta ta yi rauni, sana'a ta yi wuya, manyan unguwa kuma suka rabu gida biyu, nan ne kango da bayan dutse da bakin rafi ke zama matattarar yara, irin wuraren da mutanen Jos ke kira jungul. A irin waɗannan wurare ne kuma 'yan sara-suka ke samun sababbin mabiya.

Dalilan da suka sa sholisho ya fi kama ƙananan yara a fili suke. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, canjin cefane ma ya isa. Ba a bukatar sanin wani dila, domin kuwa a kanti ake sayar da shi da rana tsaka. Riƙe gwangwaninsa ba laifi ba ne, tun da kayan sana'a ne. Daɗin daɗawa, mayensa yakan zo nan da nan, ya kuma tafi cikin ɗan lokaci kaɗan, saboda haka yaro kan yi ta maimaitawa tun safe har dare. Yakan kashe jin yunwa, ya kuma rage jin sanyi, kowa kuwa ya san hunturun Jos ga yaron da ke kwana a tasha ko a shago ba bargo. Da yawa daga cikin masu shan wiwi da ƙwaya a yau, da tsumman sholisho suka fara.

Ya kamata jama'a su san abin da wannan tururi ke yi a jikin ɗan Adam. Sinadarin da ya fi yawa a cikin sholisho da gam da tina shi ne wanda masana ke kira tolwin. Aikinsa a masana'anta shi ne narkar da roba da maiƙo. To, ƙwaƙwalwar mutum kuwa maiƙo ne ya lulluɓe jijiyoyinta, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Da zarar an shaƙa, tururin kan bi ta huhu ya shiga jini, ya isa kai cikin daƙiƙoƙi. Yau da gobe sai ya riƙa cin wannan lulluɓi. Sannu a hankali yaro ya fara mantuwa, karatu ya gagare shi, hannu ya kama rawa, tafiya ta koma tangaɗi ko da bai shaƙi kome ba, ji da gani su ragu. Wata ɓarnar takan yi sauƙi idan an daina da wuri, wata kuwa ta zauna ke nan har abada.

Abin bai tsaya ga ƙwaƙwalwa ba. Tolwin yana lalata ƙoda, yana kuma taɓa hanta. Wani sinadari da ke cikin wasu irin gam, mai suna hekzen, yana kashe jijiyoyin ƙafa da hannu har mutum ya kasa tsayuwa. A cikin fetur akwai benzin, wanda ke ɓata ɓargo inda jiki ke yin jini, likitoci kuma sun tabbatar yana jawo sankarar jini. Akwai kuma wani ruwa mai ƙarfi da ake kankare fenti da shi, wanda idan ya shiga jiki hanta kan mai da shi irin iskar nan mai kisa da ke fitowa daga janareta. Saboda haɗarinsa ne Amurka ta hana sayar da maganin kankare fenti mai ɗauke da shi ga jama'a a 2019, kana a 2024 ta hana yawancin ayyukan da ake yi da shi. Mace mai juna biyu da ke shaƙar sholisho kuwa, tana iya haifar ɗa mai ƙaramin kai da raunin hankali.

Mafi muni duka shi ne mutuwar fuju'a. Tun 1970 wani likita a Amurka, Millard Bass, ya tattara labarin matasa 110 da suka faɗi matattu jim kaɗan bayan shaƙar irin waɗannan abubuwa, ya kuma lura cewa da dama sun mutu ne bayan sun firgita ko sun sheƙa da gudu. Bayanin abin shi ne, tururin kan sa zuciya ta zama a ɗosane. Idan aka razana mutum a wannan hali, jikinsa ya saki ruwan firgita, sai bugun zuciya ya rikice, ta tsaya cak. Wannan yana iya samun yaro lafiyayye a ranar da ya fara gwadawa, yana kuma iya samun wanda ya shekara biyar yana yi. Wasu kuma numfashi ne ke ɗauke musu, wasu amai ya shaƙe su suna cikin maye, wasu su faɗo daga kan dutse ko gini, wasu wuta ta kama su domin tururin na ci kamar fetur.

A nan akwai gargaɗi babba ga iyaye da 'yan sintiri da 'yan sanda. Al'adar da aka saba ita ce, in an kama yaro da tsumma a baki sai a daka masa tsawa, a bi shi da gudu, a rufe shi da duka. Wannan ɗanyen aiki ne, domin yana iya zama sanadin ajalinsa a nan take. Abin da ya dace shi ne a yi masa magana a hankali, a raba shi da abin da ke hannunsa, a fitar da shi inda iska ke kaɗawa, kada kuma a kunna ashana ko taba kusa da shi. Idan ya suma, a kwantar da shi a kan gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja, a garzaya da shi asibiti. Faɗa da horo suna iya jira har ya dawo hayyacinsa, amma zuciyar da ta tsaya ba ta jiran kowa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairu na 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda a Nijeriya. Daga cikinsu, wajen 300,000 ne masu shaƙe-shaƙe. Wani zai ce ai ba su da yawa idan aka gwada su da masu shan wiwi, waɗanda suka haura miliyan 10. Amma a lura da abu biyu. Lissafin ya fara ne daga ɗan shekara 15, alhali kuwa sholisho yakan kama yaro tun yana ɗan goma ko sha biyu. Na biyu, babban ɓangaren binciken gida-gida aka bi, yaron da ke kwana a tasha kuwa ba shi da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Saboda haka wannan adadi kunnuwan jaki ne kawai ake hangowa, gangar jikin tana bayan katanga.

Mai karatu da ke zaune a Agege ko Mile 12 ko Idi Araba a Ikko, ko Sabo a Badun, ko Ama Hausa a Owerri, ko Fatakwal, kada ya ɗauka wannan magana ta mutanen Jos ce kaɗai. Kullum motocin dankali da kabeji da karas suna tasowa daga Filato zuwa kasuwannin Kurmi, da su kuma samari ke zuwa neman kuɗi. Magidanta da yawa suna nan Kurmi, iyalinsu na Arewa, sai Salla da Salla ake ganinsu. Suna aika kuɗin abinci da na makaranta, wannan abin yabo ne. Amma kuɗi ba ya shinshinar rigar yaro, ba ya kuma sanin da wa ya kwana. Uwa ita kaɗai, da ƙannai a gabanta, ba ta iya bin saurayi zuwa bayan dutse. Sau da yawa kunya ko tsoron faɗa kan sa ta ɓoye wa maigida gaskiya har abu ya gagara.

Har ila yau, sana'o'in da yaran Arewa suka fi kamawa idan sun sauka Kurmi su ne masu kusa da wannan guba: gyaran takalmi, facin taya, aikin gareji, fenti, sayar da fetur, bola-jari. Yaron da aka ɗauko daga gida don a raba shi da miyagun abokai, aka miƙa masa akwatin gyaran takalmi da gwangwanin gam, aka bar shi ya kwana a ƙarƙashin gada, an gudu ne ba a tsira ba. Ga kuma wani haɗari da kowane baƙo ya sani. A ƙasar da mutum yake baƙo, laifin ɗaya na kowa ne. Rikicin kasuwar Shasha a Badun a watan Fabrairu na 2021 ba maganar ƙwaya ce ta haddasa shi ba, amma ya nuna yadda cacar baki tsakanin mutum biyu ke iya cinye rumfunan ɗaruruwan bayin Allah. Yaro ɗaya da maye ya ɗebe wa kunya da tsoro yana iya jawo wa zango guda abin da ba a shirya masa ba.

To, ina mafita? A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda yake halaka matasa. Wannan mataki ba zai yiwu a kan sholisho ba, domin mai faci da kafinta da baduku da shi suke ci da iyalinsu. Amma wasu ƙasashe sun nuna cewa ana iya tsare yara ba tare da an kashe sana'a ba. A 1985 Ingila ta kafa doka wadda ta mai da shi laifi a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba da irin waɗannan abubuwa idan mai sayarwa yana da dalilin zaton shaƙa za a yi. A 1990 mutum 152 suka mutu ta wannan hanya a can, amma da aka haɗa doka da wayar da kan iyaye, sai adadin ya yi ta raguwa. A Ostireliya kuwa, inda shaƙar fetur ta addabi ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, a 2005 aka fito da wani fetur mai suna Opal wanda aka rage masa sinadaran da ke bugarwa, shaƙar ta ragu ƙwarai a wuraren da aka kai shi.

Saboda haka, na farko, ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Filato ta yi doka mai sauƙin fahimta wadda za ta hana sayar wa yaro sholisho da gam da tina da fetur a kwalba, ta kuma hukunta masu ɗura su a ƙananan kwalabe da leda suna sayarwa a lungu, domin kowa ya san ba mai faci ne ke sayen irin wannan ba. Sauran jihohi, har da na Kurmi, su bi sahu. Haka kuma hukumomin da ke duba ingancin kaya su zauna da masu yin gam da masu shigo da shi, a nemi irin wanda ba ya bugarwa, a kuma rubuta gargaɗi a jikin gwangwani da harshen da mai saye zai gane.

Na biyu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a kada su jira gwamnati. Shugabannin kasuwar Katako da Dilimi da Farin Gada, da ƙungiyar masu facin taya, da ta kafintoci, suna iya yanke shawara a zama ɗaya cewa ba a miƙa wa yaro gwangwani, ko da ya ce maigidansa ne ya aiko shi. Wanda ya karya, a ci shi tara, a kai sunansa gaban hukuma. Mai shago ya san abokin cinikinsa. Ya san bambancin almajirin kafinta da yaron da ya zo da jajayen idanu da ƙuraje a gefen baki. Ribar da aka samu daga irin wannan yaro ba ta da albarka. A Kurmi kuwa, wannan aiki yana wuyan Sarakunan Hausawa da shugabannin zango da iyayen gida masu karɓar yara daga Arewa. Duk wanda ya ɗauko ɗan wani, to ya san inda yake kwana.

Na uku, hukumar NDLEA, wadda aka kafa tun 1989, kuma Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya ya karɓi jagorancinta a 2021, ta yi ƙoƙari wajen kama manyan dillalai. Amma sholisho ba shi da babban dila da za a nuna wa 'yan jarida. Yaƙinsa na wayar da kai ne, a makarantun firamare da na allo da na Islamiyya da na Lahadi, da Hausa da sauran harsunan Filato. Samamen da ake kaiwa jungul yakan watsa yara ne kawai su koma wani kango. Gara a bi masu sayarwa, su kuma yaran a ɗauke su a matsayin marasa lafiya.

Na huɗu, a samar da wurin magani da talaka zai iya zuwa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, kuma ba shi da nisa da Dutse Uku. Ya kamata gwamnatin jiha ta haɗa kai da shi a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa, a kuma rage wa iyaye kuɗin jinya. Iyaye kuma su guji tura 'ya'yansu inda za a sa musu mari. Abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum wajen 300 daga gida ɗaya, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, ya isa ishara. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023 ta ba irin waɗannan marasa lafiya haƙƙin a kula da su cikin mutunci.

Na biyar, masu unguwanni da limamai da fastoci na Dutse Uku da Nasarawa Gwong da Unguwar Rukuba su san cewa wannan cuta ba ta tambayar addini. Abin mamaki ma shi ne, a jungul ne yaran ɓangarorin biyu kan haɗu ba tare da tsoron juna ba, alhali iyayensu ba sa gaisawa. Idan har maye zai iya haɗa yara, bai kamata ceton yara ya kasa haɗa manya ba. Hukumar wanzar da zaman lafiya da Jihar Filato ta kafa a 2016 tana iya tara su a kan wannan batu, a san abin da za a yi da kangayen da suka rage, a gyara su ko a mai da su wurin koyon sana'a. 'Yan siyasa kuma da ke raba wa samari kuɗin maye lokacin zaɓe, jama'a su riƙe sunayensu, su tuna da su ranar ƙuri'a.

Daga ƙarshe, nauyi mafi girma yana kan uba. Magidancin da ke Kurmi ya riƙa yin magana da ɗansa kai tsaye, ba ta bakin uwa kaɗai ba. Ya nemi wani ɗan'uwa ko maƙwabci amintacce ya ɗora masa amanar sa ido. Ya tambayi malamin makaranta ko yaro yana zuwa. Idan ya je gida, ya lura da warin fetur ko gam a tufafi da numfashi, da tsumma ko leda a aljihu, da ƙuraje a hanci da baki, da rama, da yawan fushi ba dalili. Wanda ya ga waɗannan alamu, kada ya kori yaro daga gida, domin titi ne zai karɓe shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutanen Dutse Uku sun riga sun binne 'ya'ya da yawa a 2008 da 2010. Bai kamata waɗanda suka tsira daga wuta a bayan iyayensu mata su ƙare a bakin gwangwanin faci ba. Allah ya shirya zuriya, ya kuma zaunar da Filato da ƙasa baki ɗaya lafiya.